Anini, dala da wuri: amsa ga mai tonon tsakar gida a Jega

Wani ɗan'uwa daga Jega ya turo tambaya, wai ya aro na'urar nan ta masu neman zinare daga ƙanensa da ke haƙa a wajajen Yauri, ya zagaya da ita tsakar gidan kakansu, tana ta ƙara kusa da tsohon rumbu, da ya tona sai ga wani ɗan kuɗi mai huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, sai wani babba fari mai kan mace an rubuta 1780, sai ƴan wuri, ƙananan ƙwanson tekun nan da aka yi ciniki da su a da, a fasasshiyar tukunya. Yana son sunayensu, kuma ko ya yi arziki.

To ɗan'uwa, ƙaramin mai hujin nan duba rubutun jikinsa. In an ce kashi ɗaya cikin goma na kwabo, anini ne. Turawan mulki suka fara buga shi a 1907, guda goma ke yin kwabo ɗaya, hujin kuma yana sa a tsira su a zare. Shi ya sa har gobe mutum zai ce maka ko anini ba ni da shi, alhali bai taɓa ganin anini ba. Haka taro, kwabo uku ne, sisi kwabo shida, sule sha biyu. Naira ta kore su a 1973 amma bakinmu ya ƙi sakinsu. Wanda na fi so shi ne ɗari, rabin kwabo kenan, sunan ya samo ne daga wuri ɗari da ake canza shi da su.

Babban kuma dala ce, kuɗin Ostiriya, matar sarauniya ce Mariya Tariza. Kar 1780 ɗin ta ruɗe ka fa, shekarar rasuwarta ce, kuma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar ba a canzawa, saboda fatake ba su yarda da wata ba. Don haka taka za ta iya zama ta zamanin kakanka ce kawai. Azurfa ce dai ta gaske, giram 28 ko kusa, maƙeran fari sun narka irinta da yawa sun yi wa mata mundaye da zobba. Daga baya sunan ya koma kan sule biyu.

Wurin nan ba shi na'urarka ta ji ba, ba ƙarfe ba ne, arzikin dala ya ci. Shi ne asalin kalmar kuɗi, ɗaya wuri, da yawa kuɗi, kuma in ka ji an ce an biya kuɗi wuri na gugar wuri, ka tuna buhun da suke gogar juna a ciki, lakadan kenan ba bashi.

Don Allah kar ka goge su da toka ko lemun tsami, rubutun zai tafi. Ruwa kawai, ka shanya, in ka leƙa Argungu ka nuna wa ma'aikatan gidan tarihi na Kanta.