Filin Tambayoyin Masu Karatu: Ƙaramar Tarakta a Gonar Gangare

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomi ne mazaunin Wusasa a Zariya. Gonata tana kusa da gindin Dutsen Kufena, rabinta a kan gangare take, kuma akwai kwazazzabo a gefenta na ƙasa. A bana ni da ƙanena muka haɗa kuɗi muka sayi ƙaramar tarakta a hannun wani da ya ɗan yi aiki da ita. Malamin gona ya ce mu riƙa yin kunya a gicciye domin kada ruwa ya wanke mana ƙasa, shi kuwa direbanmu ya ce duk lokacin da ya gitta gangaren sai ya ji taraktar tana karkata kamar za ta kife. Maganar wa za mu bi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kowannensu yana da gaskiya, sai dai ba za mu ɗora maganganun biyu a sikeli ɗaya ba, domin ƙasar da ruwa ya kwashe ana iya farfaɗo da ita da taki, ran direba kuwa ba shi da madadi. Shawararmu ita ce ku raba gonar biyu. Inda gangaren yake da sauƙi, a bi maganar malamin gona. Inda ya yi tsanani, kada tarakta ta gitta shi ko sau ɗaya; a bar wa garmar shanu, ko a dasa itatuwa.

Kada ku auna tsananin da ido kawai. Ku kafa turke a sama, ku ɗaura igiya mai tsawon mita 10, ku ja ta zuwa ƙasa a miƙe, kuna daidaita ta da ma'aunin ruwa irin na magina, sannan ku auna tazarar da ke tsakanin bakin igiyar da ƙasa. Idan tazarar ta kai kimanin mita 2.7, gangaren ya kai digiri 15, wanda shi ne iyakar da littattafan ƙananan injina da yawa suke gargaɗi a kai. A ganinmu ma bai kamata a jira a kai wannan iyaka ba, saboda gonakinmu ba shimfiɗaɗɗu ba ne. Tayar da ke sama ta hau suri ko kututture, ko wadda ke ƙasa ta faɗa ramin da ciyawa ta rufe, nan take karkatar ta ƙaru fiye da abin da aka auna.

Ƙaramar tarakta siririya ce, nauyinta kuma yana can sama, shi ya sa karkatar da babbar tarakta za ta jure ita ba za ta jure ba. Ana rage wannan ta hanyar buɗa tayoyin baya zuwa iyakar faɗin da masana'anta ta yarda, da zuba ruwa a cikinsu zuwa kimanin kashi 75 cikin 100, da rataya ƙarafan nauyi a gaba idan haro ko rija tana baya. A ƙasashen sanyi sai an haɗa ruwan da magani don kada ya daskare. Mu a nan ba mu da wannan damuwa.

Kifewar gefe ita ce direbanku yake tsoro, amma akwai wata da ta fi ta sauri, wato tarakta ta ɗaga kai ta faɗo ta baya. Wannan yana faruwa ne idan aka saki kuloci da ƙarfi ana fuskantar hawa, ko tayoyin baya suka kafe a laka aka ci gaba da ba ta wuta, ko kuma aka ɗaura sarƙa a sama da ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya domin a tumɓuke kututture. Cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya take kaiwa inda ba ta komawa, alhali kafin mutum ya ankara ya kai ƙafa kan kuloci lokacin ya wuce. Saboda haka duk abin da za a ja, a ɗaura shi a ƙarfen ja na ƙasa kaɗai. Idan ta kafe, a fitar da ita da baya. Hawa mai tsanani ma da baya ake hawansa, a sauko ta gaba.

Wajen saukowa, a zaɓi ƙaramar giya tun ana bisa tudu, a bar injin ya riƙe nauyin. Ɗabi'ar nan ta wasu direbobin manyan motoci, ta sa mota a firi a gangara domin tsimin mai, ba ta da wuri a kan tarakta, musamman idan tana jan tirela cike da buhunan masara. Birkin yawancin taraktoci a tayoyin baya kawai yake, kuma kashi biyu ne, hagu da dama. A haɗe su da sakatarsu kafin a gangaro, domin taka ɗaya kaɗai yana iya juya ta gefe. Idan taku mai jan ƙafa huɗu ce, a sa mata shi. A rage gudu kafin kwana, tunda ninka gudu sau biyu yana ninka ƙarfin da ke tura ta gefe sau huɗu. In direba ya ji tayar sama ta fara ɗagawa, ya karkata sitiyari zuwa ƙasan gangaren a hankali.

Yanzu ku je ku duba ko taraktar tana da ƙarfen kariya, wato bakan ƙarfe mai kauri da ke tsaye bayan kujerar direba. Ƙasar Suwidin ta wajabta shi a kan sababbin taraktoci tun 1959, Amurka kuma ta sa shi a dokar kare ma'aikatan gona a 1976, kuma mace-macen kifewa sun ragu ƙwarai inda aka yi aiki da shi. Da yawa daga taraktocin da ke sauya hannu a wurinmu an cire musu shi, wasu kuma rumfar inuwa ce kawai aka walda. Rumfa ba kariya ba ce, haka ma bututun da mai walda na bakin titi ya lanƙwasa, domin zai iya karyewa ya danne mutum. Ku nemi na asali, ko ku nemi shawarar masana injinan noma a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Idan akwai ƙarfen, direba ya ɗaura bel kullum. Idan babu, kada ya ɗaura. Kujera ɗaya ce a kan tarakta, don haka yaran da ke son ɗarewa kan murfin taya a hana su, ko da za su yi fushi.

Game da kwazazzabon, ku bar tazara tsakaninsa da taya aƙalla daidai da zurfinsa, ku ƙara a kai idan ruwa ya zauna, musamman a watan Agusta, lokacin da gaɓa takan jiƙe ta zabtare ba tare da wata alama ba. Wannan zirin da kuka bari kada ya zauna haka nan: ku dasa gamba ko jema a jere. Saiwarsu za ta riƙe bakin gaɓar, tsayinsu kuma zai nuna wa direba iyakar da zai juya tun daga nesa.