Tambaya da Amsa: Wane alƙali ake kira "puisne"?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Kulliyyar Shari'a ta Jami'ar Musulunci ta Madina. Ina nazarin tsarin kotunan ƙasashen da Ingila ta mulka, sai na riƙa cin karo da kalmar puisne a jikin muƙamin wasu alƙalai, wani abokin karatuna kuma ya ce ma'anarta ƙaramin alƙali, kamar mulazimi a kotunan Saudiyya. Haka abin yake? Kuma daga ina kalmar ta samo asali?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Abokinka ya kusanci ma'anar lafazin, amma ya yi nisa da ma'anar muƙamin.

Kalmar daga tsohon Faransanci take, an haɗa ta ne daga puis, wato daga baya, da né, wato haifaffe, ka ga ke nan ma'anarta wanda aka haifa daga baya, abin da mu muke ce wa ƙane. Turawan Ingila suna furta ta "piyuni", ba sa taɓa harafin s ɗin da ke tsakiyarta. Dalilin shigarta kotunansu kuwa shi ne, bayan da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, daga bisani ya zama harshen lauyoyi, har ya yi kaka-gida a kotu ta yadda dokar da aka kafa a 1362, wadda ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi, ba ta iya raba lauyoyi da shi a rubuce-rubucensu ba. Sai da wata doka ta fara aiki a 1733 sannan aka wajabta rubuta takardun kotu da Ingilishi, amma kafin lokacin kalmomi da dama sun riga sun zauna daram, wannan tana cikinsu.

A manyan kotuna uku da Ingila take da su a da a Westminster da ke Landan, wato kotun sarki da kotun ƙararrakin jama'a da kotun baitulmali, kowacce tana da shugabanta, duk sauran alƙalan da ke zama tare da shi kuma su ne ake kira puisne. A nan ne mutane suke ruɗewa. Ƙanƙantar da ake nufi ta jerin girma ce kawai, wato wa ke jagorantar zama, wa ke shiga gaba a wurin taro, ba ta ilimi ko ta ikon yanke hukunci ba. Mutum yana iya yin furfura a kan kujerar, ya girmi shugaban kotun a shekaru, ya fi shi daɗewa a aiki, kuma yana nan a wannan suna matuƙar ba shi ne shugaba ba. Idan aka zo yanke hukunci, ra'ayinsa da na shugaban nauyinsu ɗaya, kamar yadda wa da ƙane suke ɗaukar rabo ɗaya a gadon mahaifinsu, kuma idan sauran alƙalan suka fi rinjaye, hukuncinsu ne zai tabbata ko da shugaban ya saɓa musu.

Da mulkin mallaka kalmar ta bazu. Kotun Ƙolin da Ingila ta kafa a Kalkata ta Indiya a 1774 ta fara ne da babban joji ɗaya, Elijah Impey, da alƙalai uku masu wannan laƙabi. Har yau dokar Kanada ta ce Kotun Ƙolin ƙasar ta ƙunshi babban joji da puisne takwas, dokar Ingila ta 1981 ma da wannan suna take ambaton alƙalan Babbar Kotu. Najeriya ta yi amfani da ita a zamanin Turawa, amma kundin tsarin mulkin 1999 bai ɗauke ta ba, kuma a ganina babu asarar da aka yi, domin kalmar da masu ita ma suke rubuta ta daban su furta ta daban ba ta da wani amfani ga mai ƙara.

Mulazimi kuwa wani abu ne dabam. A tsarin shari'a na Saudiyya na shekarar 1428 Hijiriyya, daidai da 2007, shi ne matakin farko na aikin alƙalanci, inda wanda ya kammala karatun Shari'a yake lazimtar gogaggen alƙali yana koyon aiki, yana ganin yadda ake sauraron shaidu da yadda ake rubuta hukunci, kafin ya hau matakin alƙali mai daraja ta harafin jim, sannan ta harafin ba, sannan ta alif, a ci gaba da hawa har zuwa kotun ɗaukaka ƙara. Wannan shi ne ƙaramin alƙali na haƙiƙa.

Idan kana neman makwafin puisne a nan Saudiyya, to ka dubi mambobin Kotun Ƙoli da ke Riyad waɗanda suke zama tare da shugabanta, alhali kowannensu yana da darajar shugaban kotun ɗaukaka ƙara. A gida kuma ka dubi matsayin ƙadi a gaban Alƙalin Alƙalai a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, irin ta Kano ko ta Sakkwato. A rubutun bincikenka, da Larabci ka sa mamban kotu, da Hausa kuma ka ce alƙalin babbar kotu wanda ba shi ne shugabanta ba.