Aiki a Babban Kamfanin Kwamfuta: In Karɓa?

Tambaya: Malam, na gama Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke Bauchi. Wani babban kamfanin da ke haɗa wa bankuna manhaja ya ba ni aiki a Legas. In karɓa?

Amsa: Ka karɓa, ɗana, amma ka karanta takardar ɗaukar aikin tukuna. Akwai albashi a kan kari, da horo, da fansho: kamfani ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashinka, kai 8, bisa dokar fansho ta 2014. Abin da nake jiye maka shi ne a kafe ka kan amsa koken masu hulɗa, ka shekara ba ka rubuta manhaja ba, hannu ya yi sanyi. Ka tambayi sashen da za a kai ka. Wasu kamfanonin kan sa ka biya kuɗin horo in ka tafi kafin wa'adi. Hayar Legas kuma ta shekara ake biya.