Tambaya da Amsa: Me ya sa Tiger ba ta mutuwa a teburinmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mu shida ne muke haɗuwa duk ƙarshen mako muna buga wasan yaƙin tebur da ƙananan tankoki na ma'aunin milimita 15, a fagen Nomandi da ke Faransa, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a 1944. Ni aka ɗora wa nauyin rubuta ƙa'idojin, kuma na kwashe wata biyu ina tattara alƙaluma a intanet. Na rubuta cewa igwar Tiger, tankar Jamus, tana huda sulke mai kaurin milimita 110, gaban Sherman, tankar Amurka, kuwa 51 ne. Igwar Sherman tana huda 66, gaban Tiger 100. Dokata ita ce idan lambar hudawa ta fi ta sulke, tanka ta mutu. Yanzu duk wanda ya riƙe Jamus shi ke cinyewa, har mutum biyu sun ce ba za su ƙara zuwa ba. Ɗaya daga cikinmu ya ce ai haka tarihi yake, sai Sherman biyar ke iya kashe Tiger ɗaya. Hankalina ya tashi, don mun zuba kuɗi a kayan nan. Alƙaluman ne ba daidai ba, ko wasan ne ba zai taɓa daidaituwa ba?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, kayanku ba su tafi a banza ba. Lambobi huɗun da ka kawo duk na gaskiya ne. Matsalar ita ce an auna su da mudu daban-daban, kai kuma ka zuba su a buhu ɗaya.

Fara da sulken. Milimita 51 na gaban Sherman a kishingiɗe yake, da karkatar digiri 56 daga tsaye, don haka harsashin da ya taho a miƙe sai ya ratsa kimanin milimita 91 na ƙarfe. Sherman ɗin da aka ƙera daga baya, mai faranti 63.5 a digiri 47, tana ba da kusan 93. Milimita 100 na Tiger kuwa kusan a tsaye yake cak, karkatarsa ba ta wuce digiri 10 ba, saboda haka 100 ɗin nan kusan 100 ne. Ka ga tazarar da ka rubuta ninki biyu ta koma 91 da 100. Lissafin ba wuya: a digiri 30 ka ninka kauri da 1.15, a 45 da 1.41, a 55 da 1.74, a 60 da 2. Da wannan za ka ga gaban Panther, wata tankar Jamus, 80 a digiri 55, ya kai kusan 140, ya fi na Tiger nesa ba kusa ba, kuma 45 na T-34, tankar Sobiyet, a digiri 60 ya zama 90. Ka kuma kula da wani tarko: Jamusawa daga kwance suke ƙirga kusurwa, Ingilawa da Amurkawa daga tsaye. Abin da jadawalin Jamus ya kira digiri 60, shi ne na Ingila ya kira 30. Mutane da yawa sun kwafi wannan a juye.

Lambobin hudawar ma haka suke. 110 ɗin Tiger na harsashin PzGr 39 ne a mita 500, a kan faranti mai karkatar digiri 30. A mita 1,000 yana sauka zuwa wajen 100, a 2,000 zuwa 84. 66 ɗin Sherman na harsashin M61 ne a yadi 500, shi ma a digiri 30. Lambar hudawa da ba ta zo da nisanta da kusurwarta da sunan harsashinta ba, kar ka shigar da ita littafinka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa, wato dokar nan taka ta "idan hudawa ta fi sulke, tanka ta mutu". Wannan kuskuren ya fi kowane yawa a tsakanin masu rubuta ƙa'idojin gida, kuma shi ne yake tarwatsa ƙungiyoyin wasa. Lambar hudawa sakamakon gwaji ce a filin gwaji, inda aka kafa faranti mai kyau, aka harba sabon harsashi daga igwa mai lafiya. A ma'aunin Amurka, lambar tana nufin kaurin da rabin harsasai za su ratsa, rabi su kasa. Tarayyar Sobiyet kuwa tana da ma'auni mai tsauri wanda ke neman kashi 80 cikin 100 su ratsa, shi ya sa igwoginsu ke fitowa kamar raunana idan aka jera su kusa da na wasu ba tare da gyara ba. To idan ka ga an rubuta 100, ma'anarsa ita ce a kusa da 100 abin rabi da rabi ne. Faranti 95 yana iya tare harsashin, faranti 105 yana iya ɓulewa. Dokarka ta mai da wannan faɗin ya zama layi ɗaya siriri.

Ba a nan ta tsaya ba. Karkata ba ta aiki iri ɗaya a kan kowane harsashi. Idan faɗin harsashi ya ninka kaurin faranti, kamar harsashin Tiger mai milimita 88 a kan 45 na T-34, farantin yakan karye ne ya rufta, karkatar ba ta ba da duk abin da lissafi ya yi alkawari. Idan kuwa faɗin harsashi da kaurin faranti sun yi kusan daidai, kamar igwar 17-pounder ta Ingila mai milimita 76.2 a kan 80 na gaban Panther, karkatar takan ba da fiye da lissafi, harsashin ya zame ya yi sama. Gwajin da aka yi a Isigny da ke Nomandi a watan Agustan 1944 a kan Panther da aka kama ya nuna haka: igwar da a takarda ya kamata ta ratsa, sau da yawa ta kasa. A gwajin nan ne kuma aka ga harsashin APDS na igwar 17-pounder, wanda lambarsa ta fi kowacce kyau a jadawali, yana yawan kauce wa inda aka saita shi. Irin ƙarfen ma yana da tasiri. A hamadar Libiya, harsashin igwar 2-pounder ta Ingila marar hular baki yakan farfashe a kan farantin Jamus mai taurin fuska, alhali lambarsa ta ce zai wuce.

Sai kuma masu ɗauko lamba mafi girma a jadawali su maƙala wa kowace tanka. Lambar mafi girma kusan kullum ta harsashi mai zuciyar tungsten ce. Jamus ta rage samar da nata irin, PzGr 40, ƙwarai tun 1943 saboda ƙarancin ƙarfen, kuma na Amurka, HVAP na igwa mai milimita 76, bai fara isa fage ba sai wajen Agustan 1944, shi ma ɗan kaɗan, rundunonin farautar tanka ne a gaba wajen rabo. Wanda ya ba tankarsa wannan harsashi a kowane harbi tun daga Yuni, ya bar tarihi ya shiga tatsuniya.

Batun "Sherman biyar kan Tiger ɗaya" kuwa, ka gaya wa abokinka shaci-faɗi ne. Babu wata ƙididdigar soja da ta kafa wannan adadi. Abin da aka sani shi ne ƙaramar ƙungiyar tankokin Amurka guda biyar ce a tsari, kuma ƙungiyar ake turawa, ko Tiger ce a gaba ko bindiga mai sarrafa kanta a cikin rami. Masu hotunan bidiyo sun ɗauki wannan sun yi ta maimaitawa, wannan ya kwafa daga wancan, har ya zama kamar karatu. Abin takaici ne, domin gaskiyar tana nan a rubuce ga mai son dubawa. Tiger I duka-duka kusan 1,350 aka ƙera, Sherman kuwa sama da 49,000. A Nomandi bataliya uku ce ta Tiger, ta 101 da ta 102 na SS, dakarun jam'iyyar Nazi, da ta 503, kowacce 45 a takarda, kuma a ɓangaren Ingilawa da Kanadawa suka yi yaƙi. Tankar da sojan ƙawance ya fi haɗuwa da ita Panzer IV ta Jamus ce, mai milimita 80 a gaban jiki, 50 a gaban kan juyawa, wato ɗakin igwa da ke saman tankar, 30 a gefe, wadda igwar Sherman mai milimita 75 ke iya kashewa. A Arracourt da ke gabashin Faransa, watan Satumban 1944, runduna ta 4 ta tankokin Amurka, akasarinta da igwar 75, ta ragargaza sababbin birged na Panther na 111 da 113, saboda hazo ya rage nisa, mutanen cikin Panther sababbi ne, Amurkawa kuma suka riƙa zagayawa ta gefe, inda sulken bai wuce 40 zuwa 50 ba. Michael Wittmann, shahararren kwamandan Tiger na Jamus wanda ya yi ɓarna a garin Villers-Bocage na Nomandi ranar 13 ga Yuni, an kashe shi a cikin Tiger ranar 8 ga Agusta, lokacin da ya fito fili tankokin Sherman na ɓoye a gefensa. Binciken da sojan Amurka ya yi bayan yaƙi a kan arangamar rundunonin tankokinsa na 3 da na 4 ya nuna cewa wanda ya fara gani ya fara harbi shi ya fi yin nasara. Dokarka ba ta da gurbin gani ko kaɗan.

To ga gyaran. Raba kowane harbi gida huɗu: gani, samu, hudawa, sannan abin da ya biyo baya. A matakin gani, tankar da ke tsaye a bayan shinge ta fi wuyar hangowa fiye da mai tafiya a fili, kuma kwamandan da ya rufe murfi ka rage masa maki ɗaya. Nan ne za ka saka abubuwan da jadawalin hudawa ba ya nunawa: Sherman tana juya kanta zagaye guda cikin daƙiƙa kusan 15, Tiger da Panther kuwa saurin juyawarsu ya dogara da ƙarfin da injin ke bayarwa, kuma mai harbin Panther ba shi da madubin duba kewaye sai na saiti kaɗai, don haka yakan ɗauki lokaci kafin ya kama abin da kwamanda ya nuna masa.

A matakin hudawa, ba kowace tanka lamba uku: gaba, gefe, baya, duk bayan ka yi lissafin karkata, sannan ka raba da 10. Tiger ta zama 10 a gaba, 8 a gefe, 8 a baya. Panther 14 a gaba, 5 a gefe. Sherman 9 a gaba, 4 a gefe. Lambar igwa kuma, tunda a digiri 30 aka auna ta, ka ninka da 1.15 kafin ka raba: 110 ya zama 13, 66 ya zama 8, 17-pounder mai kusan 130 a yadi 1,000 ta zama 15. Yi wa kowace igwa zango uku na nisa. Sai a jefa 'yan lido biyu. Idan lambobin sun yi daidai ana neman 8 ko sama, wato sau 15 cikin 36, kusan kashi 42. Kowane maki ɗaya na rinjayen igwa ya sauke abin nema da ɗaya, kowane maki na rinjayen sulke ya ɗaga shi da biyu. Idan faranti ya karkata digiri 55 ko fiye kuma kaurinsa ya kai faɗin harsashin, ƙara wa sulken maki biyu. Shida biyu, sau 1 cikin 36, ka bar shi ya zama sa'ar da ta faɗa wuri mai rauni, kamar ƙasan garkuwar igwar Panther da ke karkatar da harsashi ya faɗa rufin jiki, aibin da sai a Satumban 1944 aka fara gyarawa. Kar ka yi wannan da ɗan lido ɗaya, domin kowane mataki a kansa kusan kashi 17 ne, ya yi faɗi da yawa.

Hudawa kuma ba mutuwa ba ce kai tsaye. Jefa ɗan lido ɗaya: 1 da 2 mutanen ciki sun firgita sun rasa zagaye guda, 3 da 4 sun fice sun bar tankar, 5 da 6 ta kama wuta. Sherman mai ma'ajiyar harsashi da ruwa a kewaye, wadda aka fara ƙerawa a farkon 1944, ka rage mata ɗaya a wannan jifa. Harsashin da bai ratsa ba ma yana iya tsinka sarƙa ko ya maƙale kan juyawa, kuma Tiger mai tan 57 da sarƙarta ta tsinke ta zama kaya a hannun mai ita.

Duba kuma ma'aunin teburinku. Tanka ta ma'aunin milimita 15 kusan ɗaya bisa ɗari ce, don haka tebur mai santimita 180 da 120, a ma'aunin tankokin, mita 180 ne kacal. Ku tsayar da santimita 1 a matsayin mita 10, teburin ya zama mita 1,800, sannan ku cika shi da abin da ke Nomandi: shingayen ƙasa masu itatuwa a kai, gonakin tuffa, ƙauyukan dutse, da filayen alkama idan kusa da Caen kuke bugawa. Tebur fayau kyauta ce ga igwa mai dogon zango.

A wasanku na mako mai zuwa, ba ɓangaren Ingila Sherman takwas, biyu daga ciki Firefly, wato Sherman mai igwar 17-pounder, yadda ake rabon ɗaya cikin huɗu a lokacin. Ba Jamus Panzer IV huɗu da Tiger ɗaya, kuma kafin a fara a jefa wa Tiger ɗan lido, idan 1 ya fito ta lalace a hanya sai zagaye na uku za ta iso. Ku buga sau biyu, ku musanya ɓangare, ka rubuta nisan kowane harbi da gefen da ya samu. Idan bayan wasa huɗu har yanzu ɓangare ɗaya ke ci, ka fara taɓa dokar gani da yawan shingaye kafin ka taɓa lambar sulke ko ɗaya.