Tambayoyinku: Ƙarin kuɗin fansho da na naƙasassu da ake yi duk shekara a Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifina ya yi ritaya bayan ya shekara fiye da 20 yana aiki a birnin New York, kuma yana karɓar dala 1,200 a wata daga hukumar Social Security. Mun ji an yi ƙarin kashi 2.8 cikin ɗari na shekarar 2026, amma abin da ya ƙaru a asusunsa na banki bai kai rabin abin da muka lissafa ba. Shin an zaftare masa kuɗi ne? Daga wata mai karatu a Bronx.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ba a zaftare masa komai ba, abubuwa biyu ne suka canza a lokaci guda, ku kuma ɗaya kaɗai kuka lissafa.

Wannan ƙari ba kyautar shugaban ƙasa ba ce, ba kuma sai majalisa ta zauna ta amince da shi kowace shekara ba. Doka ce da aka yi a 1972, aka fara aiki da ita a 1975, wadda ta ɗaure kuɗin fansho da farashin kayan masarufi. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙasar tana auna farashin abinci da haya da man fetur da magani da sauransu, sai a ɗauki matsakaicin watannin Yuli da Agusta da Satumba a gwada shi da na watannin nan uku na bara. Gwargwadon yadda farashi ya hau, gwargwadon haka za a ƙara. Ana sanarwa a Oktoba, kuɗin kuma ya fara shiga a Janairu. Shi ya sa ƙarin 2023 ya kai kashi 8.7, lokacin da tsada ta addabi kowa, ya sauko 3.2 a 2024, sannan 2.5 a 2025. A 2010 da 2011 da 2016 ko sisi ba a ƙara ba, domin ma'aunin bai nuna hauhawa ba.

To, kashi 2.8 na dala 1,200 shi ne dala 33 da santi 60. Sai dai wanda ya kai shekara 65 kuma ya shiga inshorar lafiya ta Medicare, daga cikin fanshonsa ake cire kuɗin sashen da ke biyan ganin likita, tun kafin kuɗin ya iso banki. Wannan kuɗi ya tashi daga dala 185 a 2025 zuwa dala 202 da santi 90 a 2026, wato ƙarin dala 17 da santi 90. Idan kika cire shi, abin da ya rage wa Baba bai kai dala 16 ba. A ganina nan ne tsarin ya fi yi wa tsofaffi rauni, domin ma'aunin da ake bi na kashe-kashen masu aiki ne a birane, alhali tsoho kuɗinsa a asibiti da kantin magani yake ƙarewa. Akwai dai kariya guda a doka, cewa ga akasarin masu karɓa ba za a bar ƙarin Medicare ya sa abin da suke samu a hannu ya gaza na bara ba. Ki nemo takardar da hukumar ke aikowa a Disamba, za ki ga an jera jimillar kuɗin, da abin da aka cire, da abin da ya saura, layi bayan layi.

Tambaya: Ina karɓar kuɗin naƙasa tun da na ji ciwo a baya. Na samu aikin gadi na 'yan sa'o'i, kuma ina so in je Kumasi in yi wata uku wajen mahaifiyata. Wanne ne zai sa a yanke mini? Daga wani mai karatu a Ohio.

Amsa: Allah ya ba da sauƙi, Malam. Amsar ta dogara ga irin kuɗin da kake karɓa, domin iri biyu ne kuma mutane suna yawan haɗa su. Na farko, SSDI, na wanda ya yi aiki ne ya biya haraji kafin lalura ta same shi. Na biyu, SSI, tallafi ne ga naƙasasshe ko tsohon da ba shi da ƙarfi, ko da bai taɓa aiki ba.

Idan SSDI ne, akwai iyakar abin da za ka samu a wata kafin hukumar ta ce ai kana iya aiki, kuma iyakar tana sauyawa kusan duk shekara. Ta tashi daga dala 1,620 a 2025 zuwa dala 1,690 a 2026, ta makafi kuma daga 2,700 zuwa 2,830. Kafin a kai ga wannan ma, ana ba ka watanni tara na gwaji da za ka yi aiki kana karɓar kuɗinka cif, muddin ka sanar da hukumar. Kada ka ɓoye aikin, don daga baya za su gani a takardun haraji, su ce ka mayar da duk abin da aka biya ka fiye da kima.

Idan SSI ne, tafiyar ce matsala. Da zarar ka cika kwana 30 a jere a wajen Amurka, biyan ya tsaya, kuma ba zai dawo ba sai ka sake cika kwana 30 a jere a cikin ƙasar. Mafi yawan abin da gwamnatin tarayya ke bai wa mutum ɗaya a wata ya tashi daga dala 967 a 2025 zuwa 994 a 2026, amma dukiyar da aka yarda ka mallaka tana nan a dala 2,000 tun 1989, ba ta bin ƙarin shekara. Shi kuwa SSDI, wata uku a Ghana ba ya taɓa shi. Wanda ba ɗan ƙasar Amurka ba ne dai ya kula, domin in ya wuce wata shida a waje ana iya dakatar masa.

Tambaya: Ni tsohon malamin firamare ne a Zariya. Mu a Najeriya ba mu da dokar ƙarin fansho ne?

Amsa: Muna da ita, Baba, sai dai ba ta shekara-shekara ba ce. Sashe na 173 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a sake duba fanshon ma'aikatan tarayya duk shekara biyar, ko kuma duk lokacin da aka sake duba albashi, wanda ya riga zuwa. Sashe na 210 ya faɗi haka game da jihohi. Bambancin shi ne babu wani ma'aunin farashi da ke tilasta adadin ƙarin, sai gwamnati ta fitar da takardar umarni, shi ya sa ake jan ƙafa. Tunda an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, ƙungiyarku ta 'yan fansho tana da hujjar rubuta wa hukumar fansho ta jiha ta tambayi matsayin gyaran da ya kamata ya biyo baya.