Filin Tambayi Likita: Fotasiyam Ya Hau a Jinin Mahaifiyata

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana da ciwon suga da hawan jini, tana shan lisinopril. An yi mata gwajin ƙoda, sakamako ya nuna fotasiyam ɗinta 5.9. Ita dai garau take jin kanta, in ban da ciwon gwiwa da take sayen diclofenac a kemis saboda shi. Abin damuwa ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya. Malama, abin damuwa ne, kuma kada jin garau ɗin ya ruɗe ku. Ma'aunin mai lafiya yana tsakanin 3.5 da 5.0. Daga 5.5 ya hau, in ya kai 6.5 kuwa sai ɗakin gaggawa. Fotasiyam na cikin sinadaran da ke daidaita bugun zuciya, idan ya yi yawa bugun yakan rikice, har zuciya ta tsaya, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Wasu kan ji kasala a ƙafafu, ko mintsini a hannu da leɓe, ko faɗuwar gaba. Duk wanda aka gani a cikin waɗannan, a tafi asibiti nan take.

Ku maimaita gwajin cikin kwana biyu zuwa uku, tare da awon zuciya na ECG. Wani lokaci sakamakon ba gaskiya ba ne: idan an ɗaure dantse da igiyar roba ya daɗe, ko an sa mutum yana ta dunƙule hannu yana buɗewa, ko jinin ya jima a kwalba kafin a auna, fotasiyam kan fita daga ƙwayoyin jini ko na tsoka ya sa ma'aunin ya hau.

Inda na fi zargi shi ne magungunan nan biyu. Ƙoda ce ke fitar da kusan kashi 90 cikin ɗari na fotasiyam ta fitsari, ga ciwon suga yana raunana ta a hankali. Lisinopril yana rage fitarsa, diclofenac kuma yana rage jinin da ke shiga ƙodar. Haɗuwarsu a jikin dattijuwa haɗari ne. Ta daina diclofenac da ibuprofen yau, ta koma farasitamol. Lisinopril kuwa kada ta ajiye da kanta, don yana kare ƙodar mai suga. Likitanta ne zai rage ko ya canza. Ku kwashe duk magungunanta a leda ku kai masa, har na gargajiya. Magunguna irin su losartan, spironolactone da Septrin duk suna ɗaga fotasiyam.

A asibiti, idan ya yi tsanani, ana fara yin allurar calcium gluconate ta jijiya don kare zuciya, sannan insulin da ruwan gulukos su tura fotasiyam cikin ƙwayoyin jiki na 'yan awanni. Fitar da shi daga jiki kuwa sai maganin sa fitsari, ko maganin da ke kama shi a hanji, ko wankin ƙoda.

Kafin a sake gwajin, ta rage ayaba, dabino, ruwan kwakwa, lemon zaki da tumatirin gwangwani. Doya da dankali a fere, a yanka ƙanana, a dafa a ruwa mai yawa, a zubar da ruwan. Ta guji gishirin kanti da ake tallata wa masu hawan jini, don da fotasiyam ake maye gurbin wani ɓangare na gishirinsa.

Tambaya: Likita, ko kanwa tana cikin abin da za mu guje wa? Daga wani mai ciwon ƙoda a Maraɗi.

Amsa: Malam, akasarin abin da ke cikin kanwa sodiyam ne, illarta ta fi zuwa ta wajen hawan jini da kumburi, saboda haka a taƙaita ta. Ruwan toka da ake tacewa a zuba a miya shi ne mai fotasiyam sosai, mai ciwon ƙoda ya bar shi gaba ɗaya.