Amsa kan taswirar injinan wasan finbol

Malam, ka tambayi yadda ake kula da taswirar Pinball Map, da kuma ko za a iya yin irinta domin gidajen kallon ƙwallo da teburan sanuka na Birnin Kebbi. An fara wannan taswira ta intanet a 2008 a birnin Fotlan da ke jihar Oregon a Amurka, saboda masu neman injin finbol, wato teburin wasa mai rufin gilashi da ake harba ƙaramar ƙwallon ƙarfe a cikinsa. Masu wasan da kansu ke sabunta ta. Wanda ya ga injin a wani shago sai ya saka shi, idan an ɗauke ya cire, idan ya lalace ya rubuta.

Za a iya yi a nan, amma a ganina wahalar tana wajen cirewa, domin mutane suna ɗokin ƙara sabon wuri, ba sa tunawa da wanda aka rufe. Ka nemi amintattu a unguwannin Badariya da Gesse na Birnin Kebbi, daga baya Argungu da Jega, su riƙa zuwa da ƙafarsu suna tabbatarwa, kuma kowane wuri ya nuna ranar da aka duba shi na ƙarshe.